Ƙananan Kalmomin Turanci Da Ke Kayar Da 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Badarawa, Kaduna ta Arewa



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamanmu, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu mata, 'yan'uwa da suka taso daga Legas, Abuja, Kano, Fatakwal da sauran garuruwa, ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa gida. Ina godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake haɗa fuskokinmu, sannan ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar in tsaya gabanku, alhali akwai waɗanda suka fi ni sani a wannan zaure.

Da aka nemi in yi magana a kan ilimin yaranmu, na san wasu za su zaci zan yi batun rufin ajujuwa ko ƙarancin kujeru. Waɗannan suna nan, kuma an sha faɗa. Ni abin da na zo da shi ƙarami ne ƙwarai, har wani zai ce bai kai a tara manyan mutane a kansa ba. Su ne 'yan kalmomin nan na Turanci masu harafi biyu ko uku, irin su "in", "on", "at", "to", "by" da "for", waɗanda masu nahawun Turanci ke kira "preposition". Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A shekarun da na yi ina koyar da Turanci, ban ga abin da ya fi su jan jan biro a takardun yaranmu ba.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Turanci shi ne harshen hukuma a Nijeriya. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce da shi za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, sai kuma Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952, da NECO da aka kafa a 1999, da JAMB da aka kafa a 1978, dukkansu Turanci dole ne a jarrabawarsu. Yaron da ya ci darussa takwas amma ya kasa samun kiredit a Turanci, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko Jami'ar Jihar Kaduna ce, ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke maƙwabtaka da mu tun 1964.

A tsarin duba insha'in WAEC, maki 50 ne aka kasa gida huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya bayani, 10 na kauce wa kuskuren nahawu da rubutu. A wannan kaso na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci. Ke nan kuskure 20 sun isa su cinye makin nan ƙurmus. Yaro zai iya tara ashirin ɗin nan daga waɗannan 'yan kalmomi kaɗai, bai ma sani ba.

Ba kuma yara kaɗai abin ya shafa ba. Mu da ke zaune a birane muna rubuta takardar neman aiki, muna sa hannu a yarjejeniyar haya da ta cinikin fili, muna aika wa ƙaramar hukuma takardar koke da sunan wannan ƙungiya. A irin waɗannan takardu kalma guda takan juya ma'ana baki ɗaya.

Daga ina kuskuren ke fitowa?

Kada wani ya ce yaranmu ba su da ƙwaƙwalwa. Kuskuren yana da asali, kuma asalinsa shi ne Hausa tana da nata tsari mai kyau, wanda ya saɓa da na Turanci. Yaro yana tunani da Hausa, sai ya ɗauko ƙa'idar Hausa ya ɗora wa Turanci.

Ku dubi kalmar "a". Muna cewa a Kaduna, a kasuwa, a ranar Litinin, a watan Janairu, a bango. Kalma guda ce ta ɗauke duk wannan kaya. Bature kuwa ya raba aikin wa kalmomi uku: "in Kaduna", "at the market", "on Monday", "in January", "on the wall". Haka kalmar "da": na zo da Audu, na yanka da wuƙa, na zo da ƙarfe huɗu, na zo da safe, na zo da ƙafa. A Turanci na farko da na biyu "with" ne, na uku "at", na huɗu "in", na biyar "on foot". Shi ya sa za ka ji yaro ya ce "I came with leg". Hausarsa daidai take, Turancin ne ya karkace.

Sai kuma "wa" ko "ma" da muke sa wa bayan aikatau. Na saya wa Binta, na sayar wa Binta, an sace wa Binta. A Turanci na farko "for" ne, na biyu "to", na uku "from". Mu a jikin aikatau muke nuna bambancin, su kuwa a 'yar kalmar da ke biye. Idan Bahaushe ya ce na jefa wa Audu ƙwallo, ya san daban yake da na jefi Audu da dutse. Bature bai sauya aikatau ba, sai ya ce "throw to" idan miƙawa ce, "throw at" idan jifa ce.

Malamanmu na zaure sun riga kowa sanin wannan. Duk wanda ya karanta Ajurumiyya, littafin nahawun nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, ya san haruffan jarra, irin su "fi", "ala" da "ila". Ya san a Larabci "ragiba fi" so ne, "ragiba an" ƙi ne. Ya san "da'a lahu" addu'ar alheri ce, "da'a alaihi" kuwa ta sharri. To, ɗalibin da ba ya wasa da haruffan jarra, don me zai yi wasa da takwarorinsu na Turanci?

Wuri da lokaci

Bari mu fara da ukun nan da suka fi rikita mu. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya ɗauka "in" na abu mai faɗi ne da ke kewaye da kai, "on" na shimfiɗa ne ko layi, "at" kuwa na takamaiman wuri ne da za a iya nunawa da yatsa. Don haka "in Nigeria", "in Kaduna", "in Badarawa". Sai "on Ali Akilu Road", "on Ahmadu Bello Way". Idan aka sa lambar gida ko aka ambaci wata mahaɗa, sai "at": "at Kawo motor park", "at Rigasa station", "at the gate".

Lokaci ma haka yake tafiya, daga mai faɗi zuwa ƙunci. Shekara da wata "in" suke ɗauka: "in 1960", "in October". Rana "on": "on Friday", "on 1st October". Ƙarfe "at": "at 4 o'clock". Ana cewa "in the morning" da "in the evening", amma "at night". Idan kuma aka ambaci ranar, sai "on" ta karɓe: "on Monday morning". Idan "last", "next", "this" ko "every" ta zo, ba a sa komai: "next Friday", ba "on next Friday" ba. Wannan kuskure yana yawan fitowa a katunan gayyatar ɗaurin aure da muke bugawa.

Game da abin hawa, wanda za ka iya miƙewa tsaye ka taka a cikinsa, ko wanda ake hawa bisansa, "on" ne: bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, babur, keke, doki. Ƙaramar mota da tasi "in" ne. Idan hanyar tafiyar kawai ake nufi sai a ce "by train", "by road", "by air". Kuma ba a cewa "arrive to". Ana cewa "arrive in Abuja", "arrive at the office".

Inda kalma guda ke jawo asara

Yanzu na zo wurin da nake roƙon 'yan kasuwa, ma'aikata da jami'an wannan ƙungiya su ba ni hankalinsu.

Na farko, "by" da "to" a maganar kuɗi. A ce kuɗin wata na ƙungiya naira 1,000 ne. Idan sakatare ya rubuta "increased by 1,500", an ƙara 1,500 a kai, kowa zai biya 2,500. Idan ya rubuta "increased to 1,500", sabon kuɗin 1,500 ne. Harafi biyu ne, amma bambancin naira 1,000 ne a kan kowane mamba a kowane wata. Mai gidan haya ma idan ya aiko maka da takardar ƙarin kuɗi, wannan kalmar za ka fara dubawa.

Na biyu, "by" da "until" da "within". Idan aka ce a kawo takarda "by Friday", ana nufin kada ta wuce Juma'a, ko yau ka kai an karɓa. "Until Friday" na abin da ke ci gaba ne har zuwa Juma'a. "Within 14 days" na nufin a cikin kwanakin, kafin su cika. Wannan na gani da idona. Wani ɗalibina mai ƙoƙari ya ga tallar ɗaukar aiki a wata ma'aikata da aka ce a miƙa takardu "within two weeks". Shi ya fahimta sai bayan mako biyu za a fara karɓa. Ya zauna yana ƙirga kwanaki, ranar da ya je aka ce an rufe jiya. Takardunsa cikakku ne, ba wanda ya zalunce shi, kalma guda ce ta kayar da shi.

Na uku, "for" da "in" a takardar magani. "Take for 5 days" na nufin a yi kwana 5 ana sha. "Come back in 5 days" na nufin a dawo bayan kwana 5. Iyaye mata da ke kai yara asibiti, wannan naku ne.

Na huɗu, aro da rance. Mu kalma guda muke juyawa: ara mini, na aro, ranta mini, na ranto. Turanci kalma biyu ne, kowace da abokiyar tafiyarta: "borrow from" karɓa, "lend to" bayarwa. Wanda ya rubuta "I borrowed him 50,000" yana nufin shi ya ba da bashin, ya bar takardar da ba ta fayyace wa ke bin wa ba. Haka "rent from" da "rent to". A takardar cinikin fili kuwa, "sold by" mai sayarwa ne, "sold to" mai saye, "sold for" farashi. A duba su da kyau kafin a dangwala hannu.

Na biyar, "result in" da "result from". Idan muna rubuta koke a kan magudanar ruwa, "blocked drains result in flooding" na nufin toshewa ce ke haifar da ambaliya. Idan muka sa "from", mun ce ambaliya ce ta haifar da toshewar, mun juya hujjarmu da kanmu. Haka ma'aji "responsible for" kuɗi ne, wato suna hannunsa, amma "responsible to" babban taro, wato gare shi zai yi bayani. Mai neman aiki kuma "apply to" ma'aikata yake yi, "apply for" muƙami.

Sai "since" da "for", waɗanda kalmar "tun" ke haɗe mana su. "Since" na bin lokacin da abu ya fara: "since 2015", "since Monday". "For" na bin tsawon lokacin: "for ten years". Ba a cewa "since ten years". "On time" daidai lokacin da aka sa ne, "in time" kuwa kafin a makara. "Beside" kusa da, "besides" ban da haka. "Among" na taron da ba a rarrabe ba, "between" na biyu ne, ko fiye da biyu idan an ambaci kowanne da sunansa.

Cusawa inda babu, da cirewa inda akwai

Akwai kuskure iri biyu da suka zama ruwan dare har a jaridu da bakin manya. Na farko cusa kalma inda ba a bukatarta. Muna cewa tattauna a kan magana, sai mu ce "discuss about", alhali "discuss the matter" ne kawai. Haka "emphasise on", "comprise of", "order for" da "request for" idan aikatau ne. Abin da ke ruɗa mu shi ne sunayen da suka fito daga waɗannan kalmomi suna ɗaukar 'yar kalmar: "a discussion about", "emphasis on", "a request for". Don haka "I request your help" daidai ne, "my request for help" ma daidai ne, amma "I request for your help" kuskure ne. Ku duba tsofaffin takardunmu na neman taimako, za ku same shi a layin farko.

Na biyu cire ta inda ake bukata. Muna cewa amsa takardata, saurare ni, jira ni, ba komai a tsakani. Turanci kuwa sai "reply to my letter", "listen to me", "wait for me". Likita ma "operate on" mara lafiya yake yi.

Akwai kuma waɗanda ba su da wata ƙa'ida sai hadda, kamar yadda muke haddace jam'in sunaye a Hausa: "congratulate on", "married to", "good at", "afraid of", "interested in", "depend on", "accused of", "charged with", "prefer to", "senior to". Kalmar "agree" uku take ɗauka: "with" ga mutum, "to" ga shawarar da aka kawo, "on" ga abin da aka daidaita a kai.

Wata tambaya da na san za a yi

Wani zai ce, Malam, ai Turancin Nijeriya ma Turanci ne. Gaskiya ne. Masana irin su Farfesa Munzali Jibril, da David Jowitt wanda ya wallafa littafi a kan yadda 'yan Nijeriya ke amfani da Turanci a 1991, sun yi nazari mai zurfi a kansa. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da "okada", "danfo" da "Kannywood". Su Turawan ma ba bakinsu ɗaya ba: mutumin Ingila yana cewa "at the weekend", na Amurka yana cewa "on the weekend". Amma mai duba takardar jarrabawa, da lauyan da ke karanta yarjejeniya, da jami'in da ke tace takardun neman aiki, daidaitaccen Turanci suke bi, kuma a makarantunmu tsarin Ingila aka gada. A kasuwa ka yi irin wanda za a gane ka. A takarda ka rubuta irin wanda ba za a kama ka da shi ba.

Kuma kada mu manta iyayenmu sun iya. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yaye Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. An dawo da ita nan Kaduna a 1938, inda Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka yi karatu, kafin a mayar da ita Zariya a 1949, wadda ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ranar 7 ga Oktoba 1960 Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi jawabi da Turancin da har yau ake misali da shi. Waɗannan bayin Allah da Hausa suka tashi, kuma ba su yar da ita ba. Tafawa Ɓalewan nan shi ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Ashe iya harshen wani ba ya bukatar raina naka. Hasali ma, wanda ya san yadda "a" da "da" da "wa" ke aiki a Hausa, shi zai fi saurin gane inda Turanci ya rabu da su.

Abin da nake ba da shawara

Ga ɗalibai: kada ku haddace kalma ita kaɗai, ku haddace ta da abokiyar tafiyarta. Kada ka rubuta "depend" a littafinka, rubuta "depend on" tare da jimla guda. Ka ware ƙaramin littafi na kurakuranka, duk abin da malami ya ja wa jan biro ka shigar da shi tare da gyaransa. Ka riƙa karanta shafi guda na ingantaccen littafi kullum, kana ja wa waɗannan kalmomi layi. Ƙamus na masu koyo, ko na takarda ko na cikin waya, yana nuna kalmar da ke bin kowace kalma. Matambayi ba ya ɓata.

Ga malamai: mu daina jin kunyar amfani da Hausa wajen bayyana wannan darasi. Minti biyar na kwatanta "na saya wa" da "na sayar wa" sun fi awa guda na maimaita ƙa'idar da yaro bai gane ba.

Ga iyaye, musamman mu na birni: mu riƙa buɗe littattafan yaranmu. Yaro ya iya surutu da Turancin talabijin ba shi ne ya iya rubutu ba.

Ga ƙungiya kuwa, ina roƙon abu uku, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na ɗaya, a shirya darasin ranar Asabar ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare a watanni ukun da ke gaban jarrabawa, malamai da ɗaliban jami'a 'yan unguwa su riƙa karɓa-karɓa. Ni na sa sunana na farko. Na biyu, kowane reshe, na Legas, na Abuja, na Kano da sauransu, ya ɗauki nauyin ƙamus goma a raba wa makarantun Badarawa, Kwaru da Malali. Na uku, a naɗa mutum biyu ko uku da za su riƙa duba duk takardar da za ta fita da sunan ƙungiya kafin shugaba ya sa hannu, kuma ƙofarsu ta kasance a buɗe ga duk matashin da ke son a duba masa takardar neman aiki. Da ɗalibin nan nawa ya sami wanda zai karanta masa tallar nan, da labarin ya sha bamban. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu, inda na yi kuskure ina neman afuwa, kuma a gyara mini. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba 'ya'yanmu nasara a jarrabawarsu, Ya zaunar da Badarawa da Jihar Kaduna da Nijeriya lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.